Yarinya ta ce a yi mata bazde, ku ba ni shawara

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka, ya zafi? Shawara nake nema. Yarinyar wajena, yayar Sadik, za ta cika shekara shida ranar 20 ga Afrilu. Da Sallah 'yar ƙanin mai gidanmu ta zo daga birni ta nuna mata hotunan bazden da aka yi mata a waya, tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba, kullum sai ta ce "Umma ni yaushe za a yi nawa?" Da farko na share ta. Amma abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, yarinyar nan ko taron suna ba a yi mata ba. A cikin kullen korona na 2020 aka haife ta. An sa ranar da za a kai ni gida Gezawa goyon ciki sai aka rufe hanya, a nan ɗakina na haihu, Inna ba ta samu zuwa ba, uwar mijina ce ta yi mini wankan jego. Suna kuma ya faɗo a cikin azumi, aka raɗa da safe, aka yanka rago, kowa ya kama gabansa. Muna wani ƙauye ne kusa da Gujungu. Na ɗauki adashi, dubu goma sha biyar zan iya warewa. Me zan yi da su wanda yarinya za ta ji daɗi, ni kuma ba zan zama abin magana a gari ba?

Amaryar Kano:
Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah ya raya mana ita. Ai abu ne mai sauƙi. Ki sa a yo miki kek daga Kano a saka a motar Haɗeja a sauke miki a Gujungu, a rubuta sunanta a kai. Ki sayi balan-balan da hular takarda da kyandir shida a kasuwar Singa, ki ɗinka mata doguwar riga, ki gayyaci ƙawayenta kamar goma, a rufe ƙofa a yi hotuna. Shi ke nan.

Gwaggo Asabe:
Amarya, kin taɓa zama a ƙauye kuwa? Wace ƙofa za a rufe? A garinmu idan hayaƙi ya tashi a gida da rana tsaka, yaran unguwa sun ji, ba sai an aika musu ba. Ki zaɓi goma ki bar hamsin a zaure suna leƙe, gobe uwayensu ba za su gaishe ki a gidan biki ba. Sannan kek ɗin da zai taso daga Kano a wannan rana ta bazara, kafin a wuce Ringim adon kansa ya narke ya koma kunu.

Ni ba wannan ne ma ya fi damuna ba. Maman Sadik, na lura har kika gama rubutunki ba ki ambaci sunan yarinyar ba, Allah ya yi miki albarka, da sauran kunya. 'Yar fari ce ke nan. To a tasowarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta tara jama'a ta ce yau ranarsa ce. Tsofaffin gidanku ba za su faɗa miki ba, amma za su gani.

Maman Sadik:
Wallahi Gwaggo kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shi ya sa ma ban yi wa kowa maganar a gida ba sai mai gidan. Shi ya ce ba zai hana ba, amma ban da kiɗa, ban da maza manya a cikin gida.

Malam Ɗanjuma:
Salamu alaikum. 'Yar uwa, tunda shawara kika nema, amana ce a faɗa miki gaskiya. Wannan bazde ba mu gaje shi ba, daga Turawa ya zo, kyandir ɗin da hurawar da waƙar duk nasu ne. Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Ƙaramar Sallah da Babba. Kuma akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Abin da addini ya ɗora miki game da haihuwar yarinya an yi shi, an raɗa suna, an yanka rago. Ki bari ta yi sauka, a zayyana allo, a yi walimar da kowa zai yi alfahari da ita.

Malama Hauwa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ka kawo haka yake, ba na jayayya da hadisan. Sai dai mas'alar malamai sun saɓa a kanta, kuma ya kamata a faɗa wa baiwar Allah hakan. Akwai waɗanda suka hana kamar yadda ka ce. Akwai kuma waɗanda suka ce wannan al'ada ce ba ibada ba, wanda ya yi ba ya cewa lada yake nema da ranar kanta, kuma asalin al'ada halacci ne matuƙar ba a cusa saɓo a ciki ba. Sannan a Sahihu Muslim an tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya ce rana ce da aka haife shi a cikinta. Tuna ranar haihuwa da godiya ga Allah ba baƙon abu ba ne ke nan.

Malam Ɗanjuma:
Malama, azumi ya yi, kuma kowane mako, ba kek ya yanka shekara-shekara ba. Idan da wannan hadisin za a kafa hujja, to uwar ta ɗauki azumi.

Malama Hauwa:
Na yarda, ta ɗauki azumin ma, alheri ne. Amma idan ta dafa abinci ta tara yaran unguwa da almajirai ta ciyar da su, ta ce a yi wa 'yarta addu'a, wane littafi ne ya hana? Iyayenmu suna yin sadakar gumba da waina da ƙosai ranar Juma'a, yaro ya tashi daga ciwo a yi, mutum ya dawo daga tafiya a yi.

Malam Ɗanjuma:
Ciyarwa ba ni da ta cewa a kanta. Abin da nake tsoro a mayar da ranar idi, bana a yi, baɗi ya zama dole, shekara ta uku a kira mai kiɗa. Haka abubuwa suke shigo mana. Kuma bari na ƙara wani abu da ba a lura da shi. Wanda aka haifa 20 ga Afrilun 2020, a ƙarshen Sha'aban aka haife shi, domin an ɗauki azumin waccan shekarar ranar 24 ga Afrilu. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. A lissafinmu yarinyar nan ta cika shida tun kafin azumin da ya wuce, yau wata biyu ke nan. Mun riƙe kalandar wasu har mun manta tamu.

Ɗan Taura:
Ai Malam kai ma sunanka ya nuna an riƙe ranar da aka haife ka. Ba da wasa nake ba. Bahaushe bai taɓa mantawa da ranar haihuwa ba, sai dai shi a suna yake ajiye ta. Ga Gwaggo Asabe, ga Sista Lami, ga Talatu duk a zauren nan. Ladi da Ɗanladi, Balaraba da Bala, Jummai da Ɗanjuma. Wanda aka haifa cikin azumi a ce Azumi ko Ɗan'azumi, na ranar Sallah Sallau, ta tsakiyar damina Marka, wanda ya zo ana ruwa Anaruwa. Na duba kalanda, 20 ga Afrilun 2020 Litinin ce. Ina kyautata zaton akwai mai kiran yarinyar nan Altine.

Maman Sadik:
Ikon Allah! Haka Inna take kiranta, Altine. Ita kaɗai ce ma take kiranta da shi.

Admin:
Jama'a, Malam da Malama kowa ya faɗi fahimtarsa cikin mutunci, mun gode. Masu turo mini saƙo ta gefe cewa a goge maganar wane, ba za a goge ba. Kuma duk wanda ya kira wani da sunan ƙungiya ko ya ce wane ɗan bidi'a ne, zan fitar da shi. Mai tambaya ta ji ɓangarorin biyu, ita da mijinta za su zaɓa. A ci gaba da ba ta shawarar abin da za ta iya da kuɗin hannunta.

Baban Walida:
Ni abin da ya faru a gidana zan faɗa, ko wani zai amfana. Shekara biyu da suka wuce mai ɗakina ta matsa sai an yi wa Walida irin na birni. Na sayar da buhun gero, ta ranto sauran. Aka kira wani yaro mai sifika daga cikin gari, ya karɓi kuɗi tun kafin ya zo, ya zo a makare, injinsa ya mutu sau uku. Ba wannan ne ya dame ni ba. An buga kati, an sa ƙanina a bakin ƙofa, mai kati ne kawai zai shiga. Na dawo daga masallaci la'asar sai na tarar da ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara biyar da kullum a gidana yake cin tuwon dare, ya wanke ƙafarsa ya shafa mai ya sa rigar Sallarsa, yana tsaye a jikin bango yana jin kiɗa daga waje. Da ya gan ni ya ce "Baba, ni ba a ba ni takardar ba." Na kama hannunsa na shigar da shi, amma har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Ubansa bai ce mini komai ba, wata guda muna gaisawa sama-sama. Ita kuwa Walida da aka yi domin ta, ƙarar sifika ta firgita ta, a bayan uwarta ta wuni tana kuka. Bashin sai da kaka muka gama biya.

Maman Sadik, ko me za ki yi, ki lissafa da duk yaron da ƙafarsa za ta iya kawo shi gidanki. Daidai ruwa daidai tsaki. Gara kowa ya samu loma ɗaya da mutum goma su ƙoshi.

Uwargida Talatu:
Allah ya saka da alheri Baban Walida. Ni tambayata, Maman Sadik, ke kaɗai ce a gidan ko kina da abokiyar zama?

Maman Sadik:
Ba ni da abokiyar zama Yaya Talatu, amma babban gida ne. Faccalolina uku, yaran gidan kaɗai sun kai goma sha huɗu.

Uwargida Talatu:
To nan ne aikin yake. Kada su ji a bakin yara. Ki bi su ɗaki-ɗaki tun yanzu, ki fara da babbar, ki ce kina son yin sadaka ne saboda yarinyar nan ba a yi taron sunanta ba, kina neman su tsaya miki. Ki ba kowacce aiki, wannan zoɓo, wannan suya, wannan rabo. Mace idan hannunta yana cikin tukunya ba ta kushe miyar. Mu a gidanmu da amaryarmu ta yi wa ɗanta ba ta gaya wa kowa ba, 'ya'yana suka wuni suna kallon ƙofarta, da daddare ƙaramar ta tambaye ni ko ita ba a haife ta ba ne. Sai da mai gida ya tara mu ya ce daga yau abin da za a yi wa ɗaya a yi wa duka ko a bari. Kuma gaskiyarsa, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana nan, da babansa ya yi masa kyauta shi kaɗai Annabi (SAW) ya ce a ji tsoron Allah a daidaita tsakanin 'ya'ya. Ke ma ki sa a ranki Sadik yana kallo.

Gwaggo Asabe:
Tun ɗazu ina juya maganar nan. Maman Sadik, Innarki tana da ƙarfin tafiya?

Maman Sadik:
Lafiyarta ƙalau Gwaggo, sai ɗan ciwon gwiwa.

Gwaggo Asabe:
To ga mafita. Ki kira ta ki ce ta zo. Ita aka hana wankan jikarta, ita aka hana taron suna, bashin nata ne ba naki ba. Ɗan fari dama na kakanni ne, ko yaye gidan kaka ake kai shi. Ta zo ta haɗu da uwar mijinki, su biyu su zama masu taro, a ce kakanni ne suke yi wa jikarsu sadaka. Ke kina madafi kina aikinki, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya. Yarinya ta samu ranarta, tsofaffi sun samu girmansu. Ba sai an kira shi da sunan Bature ba.

Malama Hauwa:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Amaryar Kano:
Na karɓi gyara Gwaggo, ban yi tunanin yawan yaran ba. Amma don Allah kada a hana yarinyar nan kek. Shi ta gani a hoto, shi take nufi da bazde. Idan aka ba ta shinkafa kawai za ta ce ba a yi ba.

Maman Hanifa:
Kek ba sai an je Kano ba, kuma ba sai da obin ba. Ni sana'ata ce a nan Jahun, da gawayi nake yi. Maman Sadik ki rubuta. Fulawa gwangwanin madara huɗu, sukari gwangwani ɗaya da rabi, bota leda ɗaya, ƙwai shida, bekin foda ƙaramin cokali biyu, ɗan filebo idan kin samu. Ki fara buga bota da sukari da muciya a roba har ya yi fari ya yi laushi, nan ne wahalar take, ki sa yaran gida su karɓe ki. Sai ki riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina juyawa, ki fasa kowanne a kofi tukuna saboda ƙwan zafi yana yawan lalacewa. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda tare, ki zuba kaɗan-kaɗan. Idan ya yi tauri ki ɗan sa madara.

Gashin kuma, ki samu babbar tukunya ki zuba yashi mai tsabta kamar tsawon yatsa biyu, ki ɗora a gawayi ya yi zafi. Ki tara gwangwanayen madara ko na kifi, ki buɗe bakinsu sosai ki daddanne kaifin, ki wanke ki shafa mai, ki zuba ƙullun rabi kawai domin zai taso. Ki jera a kan yashin, ki rufe da faranti ko murfi, ki zuba garwashi a saman murfin. Wutar ƙasa kaɗan, ta sama ta fi yawa, in ba haka ba gindin ya ƙone ciki ɗanye. Kada ki yi ta buɗewa. Idan kin ji ƙamshi ki soka tsinke, ya fito a bushe ya yi. Wannan awon yana ba ni ƙanana wajen talatin, ki yi sau biyu. Sai ki yi guda ɗaya babba a kwanon silba wanda za a ajiye a gabanta. Ado kuma ba sai na sukari ba, ki jera dabino ko yankan mangwaro a kai. Ki gasa da daddare ana gobe, da sanyi.

Ɗan Taura:
Kuma kada a manta yanzu aka cire alkama a fadama. Idan mai gidan ya noma, ai alkaki da funkaso ba sai an sayi komai ba sai mai da sukari. Kankana ma ga ta nan a bakin titi. Ranar Lahadi kasuwar Gujungu take ci, jajibirin ranar ke nan, komai za ki samu a wuri ɗaya.

Maman Hanifa:
Alkaki aiki ne da shi, ga tsami ga suya ga dahuwar sukari, sai dai idan kakannin ne za su yi. Ga mai dubu goma sha biyar ni zan ce dafa-duka tukunya ɗaya idan mai gida zai ba da shinkafa, kek, zoɓo, sai ɗan ƙulli da kowane yaro zai tafi da shi gida: gugguru, cincin kaɗan, alawar madara ko kantu guda. Yaro ya fi murna da abin da zai riƙe a hannu ya kai wa uwarsa ya nuna. Hular takarda da kyandir ki bar su, kuɗinsu ya sayi ƙwai.

Sista Lami:
Na shigo a makare, ina wurin aiki. Nawa na lafiya ne, ku yi haƙuri da tsawo. Na ɗaya, zoɓo a yi shi da ruwan da aka tafasa, kuma kada a fasa ƙanƙarar kasuwa a ciki domin ba ki san ruwan da aka daskarar ba. Ki ƙulla zoɓon a leda ko ki ɗura a jarka, ki jera a kula, ƙanƙarar ta zauna a gefe. Kunun aya ki haƙura da shi, a wannan zafin ba ya jure awanni, yana juyawa ya ɓata wa yara ciki. Na biyu, balan-balan. Yara suna tsotsar fasasshen su yi ƙwai da shi a baki, yana iya zarcewa ya toshe maƙogwaro. Haka gyaɗa da aya da gugguru da alawa mai tauri ga 'yan ƙasa da shekara uku zuwa huɗu. Za a zo da ƙanne a goye, ki sa babbar mace ɗaya ta kula, su a ba su kek da kankana da aka cire wa 'ya'ya. Na uku, kada a cusa yara a ɗaki, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, a shimfiɗa tabarmi a inuwa bayan la'asar. Kaskon suya da garwashi a gama da su a kawar kafin yara su shigo. A ajiye buta da sabulu a bakin zaure.

Sai tambaya. Tunda a gida kika haihu cikin kulle, yarinyar tana da takardar haihuwa?

Maman Sadik:
Sista, katin rigakafi kawai gare ta, shi ma sai daga baya muka fara.

Sista Lami:
To wannan ita ce kyautar da nake so babanta ya yi mata. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayarwa, suna da ma'aikata a ƙananan hukumomi, a wasu asibitocin ma akwai teburinsu. Ya je da katin rigakafin. Shekara shida lokacin shiga aji ɗaya ne, kuma gaba za a nema wajen jarrabawa da katin ɗan ƙasa. Mutane nawa ne a zauren nan aka yi wa ƙiyasin shekaru aka rubuta musu 1 ga Janairu? Ki duba katin Sadik ma ko ya cika allurar ƙyanda, ta wata tara da ta wata goma sha biyar.

Baban Walida:
Ni ne ɗaya, Sista. Tsohuwata ta ce shekarar da aka ba mu jiha aka haife ni, ana cire gero. Da haka na san 1991 ce, ranar kuwa sai Allah.

Malama Hauwa:
A dawo kan abin da yaran za su yi, tunda babu kiɗa. Mu a Islamiyya idan muna walima, yara sun fi son abin da za su yi da kansu. A fara da karatu, ita mai ranar ta karanta surar da ta fi iyawa, ko Ƙulhuwallahu ce, a yi mata barka. 'Yan mata su yi gaɗa da tafi, ga 'yar gala-gala ga carafke, maza su yi langa a waje. A yi kacici-kacici, wanda ya ci a ba shi alawa, amma a tabbata ƙarshe kowa ya samu. Ana gobe a yi mata kitso da lalle ita da 'yan matan gidan duka, lallen gida na ƙunshi, kwano ɗaya ya ishe su. Abu na ƙarshe, ita za ta yi rabon da hannunta, ta fara da almajirai da ƙanana. Kada a zaunar da ita a kujera kamar amarya ana kallonta.

Gwaggo Asabe:
Kuma hoto a yi a hankali. A ɗauka a ajiye mata, ba laifi. Amma ba kowane ido ne yake ganin ɗan mutum ya ce tubarkalla ba, kada a baza ta a sitatus duniya ta gani. A tofa mata addu'a da safe.

Malam Ɗanjuma:
Ina nan a kan fahimtata game da ware ranar. Amma abin da Gwaggo ta tsara, kaka ta zo ta ciyar da yara a yi addu'a, ba zan ce haramun ba ne. Ina roƙon a bar kyandir da waƙar nan, kuma kada a ɗaure wa kai cewa kowace shekara sai an yi. Allah ya raya ta bisa sunna, ya nuna mana saukarta.

Maman Sadik:
Amin Malam, na gode. Na gode muku duka. Na kira Inna yanzu, ban gama bayani ba ta ce me za ta taho da shi. Zan dawo na ba ku labari in Allah ya kai mu.

Maman Sadik:
Salamu alaikum 'yan zaure, na dawo da godiya. An yi jiya, an tashi lafiya. Inna ta iso tun Asabar da zakara biyu da ƙullin daddawa da kuka, wai ba za ta zo sunan jika hannu biyu ba, har yanzu suna take kiransa. Mai gida ya ba da shinkafa kwano uku. Faccalolina kuwa, Yaya Talatu Allah ya biya ki, babbar ce ma ta karɓe girkin gaba ɗaya ta kore ni daga murhu.

Maman Hanifa, zubin farko ya ƙone a gindi, na cika wuta. Na biyu da na uku suka yi kyau. Mun samu ƙanana hamsin da biyu, yara kuma da babbar facalata ta ƙirga sun haura saba'in, har daga unguwar gabas. Sai muka raba kowanne biyu da wuƙa, ya isa har da ragowar da aka kai wa tsofaffin maƙwabta. Zoɓo ne bai isa ba, na ƙarshe ruwan randa suka sha da kankana.

Yarinyar ta karanta Inna A'aɗaina, muryarta tana rawa, ta tsaya a tsakiya, almajiran da suke bakin tabarma suka ɗora mata ta ƙarasa. Ta yi rabo da hannunta da lallenta. Ina daga ƙofar madafi ina leƙe, ban fito ba. Bayan magariba yara sun watse, na ji Inna da uwar mijina sun sa ta a tsakiya a kan tabarma suna ba ta labarin ranar da aka haife ta. Uwar mijina tana faɗin yadda aka aika a kira unguwarzoma da tocila, Inna tana faɗin yadda ta fito titi da ƙullin kayanta sau biyu ana cewa babu mota, ta koma gida ta zauna da waya a hannu har asuba. Ni kaina ban taɓa jin wannan ba sai jiya. Yarinyar ta ce a sake faɗa mata, aka sake.

Sista, babanta ya ce ranar Laraba zai shiga Taura da katin.

Maman Hanifa:
Alhamdulillahi. Ƙonewar farko kowa ya yi ta. Gaba ki ƙara yashin, ki rage gawayin ƙasa tun kafin ki jera.

Gwaggo Asabe:
Madalla, Allah ya raya Altine. Innar taki ta koma lafiya? Ya gwiwar?

Maman Sadik:
Tana nan Gwaggo, gwiwa da sauƙi. Uwar mijina ta riƙe ta, ta ce sai Lahadi su ci kasuwa tare sannan a sa ta a mota. Yanzu haka suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, yarinyar tana tsakaninsu.